Ga Lasisi Ga Zaman Gida: Halin Da Sabbin Ma'aikatan Jinya Ke Ciki A Katsina

A Ƙofar Sauri, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, akwai cibiyar kwantar da yara masu fama da tamowa, wadda ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ke gudanarwa tare da Ma'aikatar Lafiya ta jihar. Duk wanda ya san unguwar ya san yadda wurin ke cika idan damina ta kankama, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya taso. A watan Yulin 2025 ƙungiyar ta bayyana cewa cikin wata shida na farkon shekarar ta kula da yara kusan 70,000 masu tamowa a jihar Katsina. Kusan 10,000 daga cikinsu sai da aka kwantar da su, kuma yara 652 sun rasu a cibiyoyinta.

Mafi yawan wahalar kula da irin waɗannan yara a wuyan ma'aikatan jinya take. Likita zai duba, ya rubuta magani, ya wuce gado na gaba. Nas ce za ta tsaya ta auna madara, ta ba yaro a kan lokaci dare da rana, ta lura ko jikinsa ya yi sanyi, ta lallashi uwar da ta yi kwana uku ba ta runtsa ba. Don haka duk inda aka ji adadi irin wancan, a san ana neman hannun ma'aikatan jinya ido rufe.

Amma a cikin birnin nan guda akwai samari da 'yan mata da suka gama makarantar koyon aikin jinya, suka ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, suka karɓi lasisi, suna kuma zaune a gida. Wasu wata shida, wasu shekara, wasu ma fiye. Idan an fitar da sanarwar ɗaukar aiki, ko ta babban asibiti mai zaman kansa ko ta ƙungiyoyin agaji, layin da ke fara kashe musu jiki shi ne inda aka rubuta cewa ana buƙatar wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana aiki. Ba a ɗaukar ka sai kana da gogewa, gogewar kuma ba ta samuwa sai an ɗauke ka. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Shin masu ɗaukar aiki zalunci suke yi?

Kafin a yi musu hukunci, ya kamata a ji ta bakinsu, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Mu koma kan yaro mai tamowa. Ɗaurin ruwan da zai ceci yaro mai ƙoshin lafiya da gudawa ta kama, shi zai iya kashe mai tsananin tamowa, saboda zuciyarsa ta yi rauni, ba ta ɗaukar ruwa mai yawa a lokaci guda. Madarar da ake fara ba shi, wadda ake kira F-75, dabam take da wadda ake ba shi idan ya fara farfaɗowa, kuma kowacce da awonta. Ɗalibi ya karanta duk wannan a littafi, ya amsa shi a jarrabawa. Amma ganewa da ido cewa numfashin wannan yaron ya sauya, da ƙarfe uku na dare, alhali yara ashirin na jiran ka, wannan sai wanda hannunsa ya faɗa. Mai asibitin da zai bar nas ɗaya a ɗakin marasa lafiya har wayewar gari yana da dalilin neman wadda ta taɓa yi.

Sai dai su ma sabbin ba daga allo suka fito kai tsaye ba. Wanda ya yi shekara uku a makarantar jinya ta Katsina, ko makarantar ungozoma ta Malumfashi, ya shafe watanni masu yawa a ɗakunan Babban Asibitin Katsina da sauran asibitocin da ake tura ɗalibai. Ya yi aikin dare, ya wanke ciwo, ya yi allura, ya rubuta rahoton mara lafiya. Jarrabawar hukuma kanta akwai ɓangaren gwaji a aikace. Matsalar ita ce duk wannan ba ya shiga lissafin mai ɗaukar aiki. A wurinsa ƙirge yana farawa ne daga ranar da aka ba ka lasisi.

Abin da ya ɓace, a ganina, shi ne gadar da za ta haɗa makaranta da aiki: shekara guda da sabon ma'aikaci zai yi a ƙarƙashin idon babba, ana biyan sa, a ƙarshe a ba shi takarda. Wasu na da wannan gada, wasu ba su da ita, kuma a nan bambancin ya fara.

Masu digiri da masu difloma

Wanda ya yi digirin jinya a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano, tsari ya tanadar masa shekara guda ta sanin makamar aiki a babban asibiti, da albashi, sannan ya tafi hidimar ƙasa. Idan komai ya tafi daidai, kafin ya fara neman aiki yana da shekara biyu a takarda. Amma ko su ba su tsira ba. Guraben sanin makamar aikin kaɗan ne, kowane asibiti da kansa yake tallata nasa, masu nema kuma sun ninka guraben sau da yawa. Akwai masu yin shekara suna jira kafin su samu. Shi ya sa lokacin da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen watan Yulin 2025, cikin buƙatunta har da a mayar da rabon waɗannan guraben wuri guda a matakin tarayya, kamar yadda ake yi wa sabbin likitoci, da kuma a ɗauki ma'aikatan jinya da yawa aiki.

Wanda ya bi tsohon tsarin shekara uku kuwa, kuma su ne mafi yawa a jihohinmu, ba shi da shekarar sanin makamar aiki, ba shi da hidimar ƙasa. Ranar da sakamako ya fito, ranar ya zama mai neman aiki. Yanzu ana mayar da makarantun jinya kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma cikin shekara huɗu, ana shiga ta jarrabawar JAMB, abin da zai buɗe wa masu zuwa ƙofar hidimar ƙasa. Wannan ci gaba ne. Sai dai bai waiwayi dubban da suka riga suka fito ba.

Ana cewa babu ma'aikata, to me ya hana a ɗauka?

Wannan ita ce tambayar da iyaye suka fi yi, kuma suna da gaskiya. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Jinya da Ungozoma na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da ke da ƙarancin ma'aikatan lafiya mai tsanani, waɗanda aka nemi ƙasashe masu arziki su daina zuwa farautar ma'aikatansu. Hankali zai ɗauka cewa duk wanda ya tafi, gurbinsa na nan yana jiran sabon jini.

Ba haka abin yake tafiya ba. Buƙatar ma'aikaci dabam, gurbin da aka ware wa kuɗi dabam. Asibitin tarayya, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ba ya wayar gari ya ɗauki mutum don kawai ɗaki ya yi ƙarancin nas. Sai an sami izini daga Abuja, sai Hukumar Raba Daidai ta sa hannu, sai kasafin kuɗi ya ɗauka, sai an shigar da sunan mutum tsarin biyan albashi na bai-ɗaya. Kafin a gama wannan zagaye, wasu ma'aikatan sun sake tafiya. Shi ya sa asibitocin tarayya da yawa suka koma ɗaukar ma'aikatan wucin gadi da suke biya daga kuɗin shigarsu. A matakin jiha kuwa, ɗaukar aiki sai gwamna ya amince, kuma yakan zo ne jefi-jefi, a tara masu nema na shekaru a kira su tantancewa rana guda. A irin wannan cunkoso kowa ya san amfanin uwa a gindin murhu.

Ga shi kuma ana ta ƙara yawan ɗalibai. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa an ɗaga adadin waɗanda makarantun likitanci da jinya da sauran fannonin lafiya ke ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000. Makarantu masu zaman kansu sai buɗewa suke yi. An faɗaɗa ƙofar shiga makaranta, ƙofar shiga aiki tana nan yadda take.

Hanyar waje ma an taɓa toshe ta ga sabo. A Fabrairun 2024 ɗin nan hukumar ta fitar da ƙa'idar cewa ba za ta tantance takardun mai son aiki a ƙasar waje ba sai ya yi shekara biyu yana aiki bayan samun lasisi na dindindin. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas a kan haka. Abin da ya fi ƙona ran matasan cikinsu shi ne, an ce sai ka yi shekara biyu kana aiki, ba a kuma ce ga aikin ba.

Aikin sa-kai da ƙananan asibitoci

To ina suke nufa? Mafi yawa hanya biyu suke bi.

Ta farko ita ce aikin sa-kai a asibitin gwamnati. Matashi zai rubuta takarda, a tura shi ɗaki, ya riƙa zuwa kamar kowane ma'aikaci, har da aikin dare, ba tare da ko sisi ba, ko kuma da ɗan abin da bai wuce kuɗin Napep ba. Fatansa shi ne idan an tashi ɗaukar aiki a tuna da shi. Wani lokaci ana tunawa. Wani lokaci kuma yana tsaye a bakin gadon mara lafiya zai ga an kawo sababbin ma'aikata da takardar kama aiki, shi ne ma zai nuna musu inda ake ajiye kayan aiki. Ga yarinyar da iyayenta suka sayar da dabba ko gona suka biya mata makaranta, wannan zama yana da ɗaci. Kullum sai ta miƙa hannu a ba ta kuɗin mota don ta je ta yi aikin da ba a biya. Ba a daɗewa sai a fara cewa tunda aikin bai samu ba, gara a yi maganar aure. Aure ba laifi ba ne, amma idan aka yi shekara biyu ko uku hannu bai taɓa aiki ba, komawa na da wuya.

Ta biyu ita ce ƙaramin asibiti mai zaman kansa. A nan ana samun aiki da sauri, amma sau da yawa albashin ba ya kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Mutane da yawa ba su san cewa dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma galibin ƙananan asibitoci a wannan rukuni suke. Sannan mai lasisi yana gasa ne da waɗanda suka koyi allura da ɗaurin ruwa a hannun mai asibiti, suka sa farin kaya, jama'a na kiran su nas alhali hukuma ba ta san da su ba. Su za su karɓi rabin abin da mai lasisi zai nema. Haɗarin da ya fi na albashi shi ne a bar sabon ma'aikaci shi kaɗai, babu likita, babu babbar nas, a sa shi yin abin da ya fi ƙarfin iliminsa. Idan aka yi rashin sa'a, lasisinsa ne zai tafi.

Akwai wuri na uku da kullum ake neman ma'aikata, wato karkara. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ce burinta kowace mazaɓa ta sami cibiyar lafiya ta matakin farko mai aiki. Gini ba ya duba mara lafiya, dole a zuba ma'aikata. Amma mai cewa matasa sun ƙi ƙauye ya tuna da abin da yankunan Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari suka gani a hannun 'yan bindiga. Uban da ya hana 'yarsa kwana a asibitin da ba shi da katanga ba ƙyuya ce ta sa shi ba.

An taɓa gwada mafita

Abin da ake nema ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A ƙarshen 2009 Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin tura ungozoma karkara. An ɗebi sababbin da suka gama makaranta, da marasa aiki, da waɗanda suka yi ritaya, aka rarraba su asibitocin ƙauye. Sabuwa tana aiki kusa da tsohuwar hannu, tana koyo, ana biyan ta. An tsara cewa tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa zai ba da kasonsa na alawus. Shirin ya yi rauni ne da jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka kasa cika nasu alkawari, ungozomomi suka riƙa barin wuraren da aka tura su.

Daga 2012 kuma an yi shirin Women for Health da tallafin gwamnatin Birtaniya a Katsina, Kano, Jigawa, Yobe da Zamfara. An ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka aka yi musu shekarar share fage don su cike gurbin darussan kimiyya, su shiga makarantun jinya da ungozoma, da sharaɗin za su koma su yi wa garuruwansu aiki. Hikimar a fili take: wadda aka haifa a gari ta fi kowa iya zama a cikinsa.

A Afirka ta Kudu, tun 2008 doka ta wajabta wa sabon ma'aikacin jinya shekara guda ta hidima a asibitin gwamnati, da albashi. Ghana ma na da shekarar zagayen asibitoci ga sababbi, ko da yake su ma bayan sun gama sukan yi dogon jiran izinin Ma'aikatar Kuɗi kafin a ɗauke su. Wato shekara gudan ba ta maganin komai. Amma tana cire wancan layin da ke kashe jiki a sanarwar ɗaukar aiki. Jihar da ke kashe kuɗi tana horar da ɗalibi shekara uku ko huɗu, ban ga abin da zai hana ta ƙara shekara guda ta biya shi alawus, ta tura shi inda ake bukata a ƙarƙashin babbar nas ba. Barin sa a gida shi ne asarar da ta fi tsada.

Kafin gwamnati ta motsa

Kai da ke riƙe da lasisi yau, ba za ka jira sai an gyara tsari ba. Abu mafi muhimmanci shi ne takarda. Duk inda ka yi aiki, ko na sa-kai ne, ko na rigakafin shan-inna, ko gangamin duba marasa lafiya kyauta, ka shiga da takardar izini, ka fita da takardar shaida mai hatimin wurin, wadda ta nuna ranar farawa, ranar gamawa da ɗakin da ka yi aiki. Matasa da yawa sun yi shekara suna sa-kai da baki kawai, da aka zo tantancewa ba su da abin nunawa. Ka kuma sa wa sa-kan iyaka tun farko, wata shida ko shekara, kada ya zama zaman jiran gawon shanu. In da hali ka zaɓi ɗakin da ake koyon abu mai wuya: ɗakin haihuwa, ɗakin yara, sashen gaggawa. Wanda ya iya kula da yaro mai tamowa yau yana da abin da ake nema a faɗin Arewa maso Yamma.

Idan asibiti mai zaman kansa ne, ka tambaya ko yana da rajista da Ma'aikatar Lafiya, kuma wa za ka kira idan abu ya rikice da dare. Ƙaramin albashi a inda akwai mai koya maka ya fi ɗan ƙari a inda za a bar ka kai kaɗai. Lasisi kuma yana da wa'adi, sai an sabunta shi tare da kwasa-kwasan ƙarin ilimi da hukuma ta wajabta. Kada zaman gida ya sa ka bar shi ya mutu, domin ranar da gurbi ya fito ba za a jira ka ba.

Sai maganar 'yan damfara. Duk wanda ya ce ka kawo dubu ɗari kaza ya samo maka takardar kama aiki a asibitin tarayya, ko ya turo maka sanarwa a WhatsApp da lambar asusun da za ka biya kuɗin fom, ka riƙe kuɗinka. Ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba sa karɓar kuɗi a wurin mai neman aiki, kuma sukan rubuta hakan ƙarara a sanarwarsu. Haka nan jarabar buɗe ɗan kyamis ko bin gida-gida ana ɗaura ruwa. Sayar da magani da lasisinsa dabam, a hannun hukumar masu harhaɗa magunguna, kuma kuskure guda a ɗakin wani ya isa ya rushe karatun shekara uku.

Mai difloma da ke son ƙarin karatu yana iya yin digiri yana aiki ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ko sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai kuma kwasa-kwasan ƙwarewa: jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, jinyar masu taɓin hankali, aikin ɗakin tiyata. Masu irin wannan shaida ba su cika zaman gida ba. Sai dai yawancin makarantun su ma sukan nemi ka yi aiki na wani lokaci kafin su ɗauke ka, wanda ya sake dawo da mu kan waccan takardar shaidar.

Ƙannenmu na sakandare masu sha'awar farin kaya kuwa, kada wannan ya karya muku gwiwa, amma ku shiga da ido buɗe. Ana buƙatar kiredit biyar, a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama bai wuce biyu ba. Kafin Baba ya biya ko kwabo, ku tabbatar makarantar na cikin jerin waɗanda Hukumar Jinya da Ungozoma ta amince da su, domin wadda ba ta ciki ɗalibanta ba sa zama jarrabawar lasisi. Ku kuma tambayi shugabannin makarantar, a gaban iyayenku, a wane asibiti ɗalibansu ke koyon aiki, kuma waɗanda suka yaye shekara biyu da suka wuce, ina suke yanzu.